Amsar tambayar Alhaji kan akwatunan wifi na makaranta

Salamu alaikum ƴan uwa. Alhaji, barka da yamma, na ji saƙonka. Ka ce akwatin wifi na tsakar makaranta ya mutu jiya amma azuzuwan baya rezo bai yanke ba, kana tambaya ko wani ya zo ya gyara. Wallahi babu wanda ya taɓa su. Irin waɗannan da ake ce wa mesh, wato akwatunan da ke miƙa wa juna intanet, haka aka ƙera su.

Ka ga, akwatin nan da zarar an kunna shi ba ya shiru. Yana ta aika ɗan guntun saƙo, "ga ni nan, ga ni nan", wanda ya ji sai ya sa shi cikin maƙwabtansa. A tsarin OLSR, ɗaya daga cikin ƙa'idojin da akwatunan ke bi su yi magana da juna, duk sakan 2 ake aikawa. A wani tsarin, BATMAN, wanda ƴan ƙungiyar sa-kai ta Freifunk a Jamus suka fito da shi, duk sakan 1. Haka suke sanin juna, ba sai mutum ya haɗa su ba.

To abin da ya fi burge ni, ba jin muryar kaɗai suke ba, suna ƙirga ta. Saƙo nawa aka aiko, nawa suka iso, nawa suka ɓace. Da wannan lissafin suke zaɓen hanya, kuma ba lallai gajerar ba. Kamar ɗan kabu-kabu ne da zai kai ka babbar kasuwa, ya bar lungu mai rairayi ya zagaya ta kwalta, ya riga kowa isa. Jiya da na tsakiyar ya yi shiru, sauran suka jira ƴan sakanni ba su ji shi ba, suka cire shi, suka bi ta na ɗakin karatu. Wasu ma suna sauya tasha da kansu in maƙwabta sun cika ta, don a zangon wifi na 2.4 GHz tashoshi masu lamba 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna.

Amma Alhaji, don Allah kar a bar shi haka. In akwatin da rediyo ɗaya yake aiki, wato abin karɓa da aika saƙo ɗaya ne a cikinsa, duk tsallake ɗaya daga akwati zuwa akwati gudun intanet yana raguwa kusan rabi, yara za su ji nauyi. Kuma babban, wanda intanet ke shigowa ta cikinsa, in ya ɗauke, sauran ba su da inda za su zagaya. Shi za a fara sa wa batir. Na tsakiyar kuma a duba cajarsa tukuna, in ya tashi a ɗaga shi sama, a raba shi da ƙofar ƙarfen nan.