Jemagu sun addabi masallacinmu, ya halatta mu sa musu guba?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, daga wani zango a Kumasi nake rubutu. Akwai manyan bishiyoyin mangwaro da darbejiya a harabar masallacinmu, jemagu sun cika su maƙil, kashinsu ya ɓata tabarmi da rijiyar alwala, ga wari ga kuka tun kafin asuba, tsofaffi sun fara ƙin zuwa jam'i. Samari sun ce a fesa musu fiya-fiya ko a kunna taya a ƙarƙashin bishiyar, wasu kuma sun ce haramun ne kashe jemage. Meye hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam warahmatullah. Toh ɗan'uwa, damuwarku gaskiya ce kuma shari'a ba ta ce ku zauna cikin cuta ku yi shiru ba, hadisin "la darara wa la dirara" (wato ba cuta ba cutarwa) yana cikin Muwaɗɗa, kuma lafiyar ɗan Adam tana gaba da ta dabba. Amma malamai da suka ce ana gusar da cuta su ne dai suka ce ba a gusar da ita da irinta ko wadda ta fi ta, kuma da hanya mafi sauƙi ake farawa.

Maganar wuta a rufe ta tun yanzu. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya ga gidan tururuwa da sahabbai suka ƙona a wata tafiya, ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. A Bukhari da Muslim kuma akwai labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta ciza ya sa aka ƙone gidansu duka, aka yi masa wahayi, don me bai tsaya kan guda ɗaya ba. Guba ma ban ga halascinta ba, jemage ba ya cikin biyar ɗin nan da aka ce a kashe (hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo), sannan ku tambayi samarin nan, in dubban mushe suka zubo tsakar masallaci da cikin rijiya wa zai kwashe? Yara za su ɗauka, kyanwa ta ci, kuma kun fi ni sanin cewa a Ghana akwai masu cin naman jemage suna kai shi kasuwa. Ka ga gubar ta dawo kan mutum ke nan.

Masu cewa an hana kashe jemage suna da abin da suka riƙa, wani asari ne na Abdullahi ɗan Amr da Baihaƙi ya kawo, amma maganar sahabi ce ba ta Annabi ba. Saboda haka jemagen da ya shigo ɗaki ya ƙi fita ko ya ciji mutum, in an kashe shi babu laifi.

Wani abu da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne kisan ma ba ya kawo abin da ake nema. A Uganda bayan cutar Marburg ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka a 2007 an toshe ramin aka kashe jemagun ciki (wani jinsi ne mai zama a kogo, ba irin naku ba), bayan 'yan shekaru wasu suka dawo kuma da aka gwada su sai aka tarar cutar ta fi yawa a cikinsu fiye da da. An gudu gara an faɗa zago.

Ni dai abin da zan ce ku fara da shi, rijiya. Ku yi mata murfi yau ɗin nan, ku rufe randuna da tankin ruwa, umarnin rufe ƙwarya da ɗaure bakin salka yana cikin Muslim. A Bangladesh cutar Nipah ta ruwan da ake tatsa daga bishiyar dabino take kama mutane, jemage ya lasa ko ya yi fitsari a tukunyar da dare mutum ya sha da safe ɗanye, kuma maganin da aka nuna musu kawai a rufe tukunyar da asabari. Mangwaron da aka tsinta a ƙasa da shaidar haƙori a hana yara sha. Kar kowa ya taɓa jemage da hannu ko da mushe ne, wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa kamar minti 15 ya wuce asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Daga nan ku sassabe rassan da suka rufo kan masallaci da wurin alwala, ku kafa rumfar kwano inda ake shimfiɗa tabarmi. In duk an yi haka abin bai lafa ba ya halatta a kore su da ƙara ko a sare bishiyar da ta zama dole, amma da sharaɗi biyu. Kar a yi lokacin da kuke ganin uwa da ɗa manne a ƙirjinta, a wancan hadisin na Ibn Mas'ud ɗin dai Annabi (SAW) ya sa an mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke. Sannan ku nemi ma'aikatan gandun daji su zo su duba, don in kun kore su kai tsaye suka sauka a makarantar da ke bayanku ko gidan maƙwabci, kun ɗauke cuta daga kanku kun ɗora wa wani.

Kuma wallahi ba halittar banza ba ce. Kuka da ɗorawa da rimi da dare suke buɗe fure, jemagu ne ke kai musu barbara, wato mai son miyar kuka da daddawa yana cin arzikin jemage bai sani ba. Irin naku ɗin nan su ne dai na bishiyoyin wajen asibitin sojoji na 37 a Accra, masu ƙaura ne, sukan ragu sosai in damina ta kama, lokacin ya fi dacewa da sassabe da aikin rumfa.

Batun kashinsu da sallah, a mazhabar Malikiyya cin jemage makaruhi ne, kashin abin da aka karhanta cinsa kuwa najasa ne, don haka a share a wanke tabarmi. Ɗan abin da ya ɗigo wa mutum a riga yana hanyar shiga sahu kullum-kullum har ya gagara kiyayewa, wannan an yi rangwame a kansa, Hanafiyya ma ba sa ɗaukarsa abin da ke ɓata tufafi. A gaya wa dattawan nan su dawo jam'i. Wallahu a'alam.