Kafin ka ɗora mata Windows, don Allah ka saurare ni

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta cewa laftof ɗinka HP ta yi nauyi, kana son ɗora mata sabon Windows daga filash amma kana tsoron fayilolinka su tafi, sai da gabana ya faɗi. Dakata tukuna, kada ka taɓa komai.

Shekara uku ke nan na kai tawa wurin wani mai gyara a kasuwar waya. Sau uku ina nanata masa: Malam, ɓangaren C na had dis kaɗai za ka taɓa, a ɓangaren D akwai furojet ɗina na ajin ƙarshe, babi huɗu, da hotunan marigayi Babanmu. Ya ce ba komai, aikinsa ne kullum, in je in yi La'asar in dawo. Na dawo na buɗe, ba D, ba komai, fili fetal. Ashe da ya iso inda ake jero ɓangarorin had dis, sai ta ƙi karɓa, ta rubuto masa maganar GPT, wato tsarin da aka raba had dis ɗin da shi, shi kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge. Yana ɓare gyaɗa yake ce mini wai ai ban ce masa da muhimmanci haka ba. Kuma ya miƙo hannu a ba shi kuɗin aiki! Na tsaya a bakin shagon ƙafafuna na rawa, na kasa ko yi masa faɗa. Furojet na sake rubutawa da ƙyar. Amma hoton Baba na Sallarsa ta ƙarshe, da farar babbar rigarsa, ina zan samo shi? Na gwada manhajojin dawo da fayilolin da aka goge, Recuva da PhotoRec, 'yan kaɗan suka dawo, rabinsu a lalace, don sabon Windows ya riga ya hau kansu. Har yau in Mama ta tambaye ni hotunan nan sai in sunkuyar da kai.

Abin takaicin, matsalar GPT ɗin ba ta buƙatar goge komai. Filash ɗin ne ya tashi ta tsohon tsari na Legacy. Da ya zaɓi GPT da sabon tsari na UEFI a Rufus, manhajar da ake zuba Windows a filash da ita, shi ke nan.

Kai dai ka fara kwashe kayanka zuwa wani wurin daban, ba filash ɗin da za ka ɗora Windows da shi ba, don Rufus share shi yake yi tas. Shi filash ɗin Windows, 8GB ya isa. Ka kuma yi hattara da filash na jabu masu arha, a rubuce 64GB, ka zuba kaya ya nuna sun shiga, ka buɗe ka ga wayam. Gwada shi da manhajar H2testw mai gano filash na jabu, sannan ka buɗe fayilolin a wata kwamfutar ka gani da idonka. Hotunan iyali kuwa ka jefa su Google Drive, 15GB kyauta ne, ko da datar dare.

A HP, F9 za ka riƙa dannawa da zarar ka kunna, sai ka zaɓi filash. Batir ya cika tukuna, kada NEPA ta ɗauke a tsakiyar aiki. Af, ka sauke direban WiFi, wato manhajar da ke sa WiFi aiki, ka ajiye, ni sai da na yi kwana biyu ba intanet. In akwai BitLocker a kanta, wato tsarin Windows mai kulle had dis, ka kwafe lambobin nan 48 na buɗe shi daga asusunka na Microsoft a takarda. Kuma Windows 10 an daina ba shi tallafi tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma 11 yana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, ka duba ko taka tana da shi.

In dole sai ka kai wa mai gyara, ka ja kujera ka zauna kusa da shi, ko salla za ka yi ka tafi da laftof ɗinka. In kai za ka yi da kanka, idan ka iso wurin jerin ɓangarorin nan, ɗauki hotonsa ka turo nan kafin ka danna komai, ina nan har dare in sha Allah.