Kwance ɗamara daban, ƙayyade makamai daban

Tambaya: Malam, a labaran makaman kakkaɓo tauraron ɗan'adam, wani ya ce "kwance ɗamara", wani ya ce "ƙayyade makamai". Duk ɗaya ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Ɗamara ita ce abin da ɗan kokawa ko mayaƙi ke tamke ƙugu da shi in zai shiga fage, sau da yawa da layu a jikinta. Wanda ya kwance ta ya haƙura da faɗa ke nan. Ƙayyadewa kuwa, makaminka na hannunka, iyaka kawai aka shata maka. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ƙayyadewa ce: ta hana girke makaman nukiliya da sauran na ƙare-dangi a can, amma ba ta hana harba makami mai linzami daga ƙasa a tarwatsa tauraro ba. Ta wannan kafa Sin ta bi a 2007, Amurka a 2008, Indiya a 2019, Rasha a 2021.

Tambaya: Malam, ko "ƙaiƙayi koma kan masheƙiya" ya dace da masu wannan gwaji?

Amsa: Ya dace ƙwarai, 'yar'uwa. Masheƙiya kan ɗaga ƙwarya sama, ta tsiyayo hatsi, iska ta kwashe ƙaiƙayin. Da iskar ta juyo, sai ya watso mata a fuska da wuya, ta wuni tana susa. Ranar 15 ga Nuwamba 2021 Rasha ta fasa tsohon tauraronta Kosmos 1408, ya tarwatse gutsattsari fiye da 1,500. Mutum bakwai da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa dole suka fake cikin kumbunansu, biyu daga cikinsu Rashawa.

Sai dai karin maganar bai ɗauke nauyin duka ba, kuma nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙaiƙayin masussuka kan lafa kafin magariba, amma tarkacen tauraron Fengyun-1C da Sin ta fasa har yau da yawansu na kewaya duniya, suna gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa, ba ruwansu da wanda ya yi shiƙar. A Disambar 2022 ƙasashe 155 suka goyi bayan ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na daina wannan gwaji. Sin da Rasha suka ƙi, Indiya ta ƙaurace, ƙudurin kuma bai tilasta wa kowa ba.