Amsa: fita da mota ranar Asabar, dina a gida daren Lahadi

Ɗan uwa, ka tambaya ko zai yiwu ku fita shan iska da mota ranar Asabar, ku dawo Lahadi kuma ka haɗa wa abokai dina a daren. Zai yiwu, amma gaskiya kar ka zaɓi wurin da ya wuce tafiyar awa 3, in ba haka ba a kan titi hutun zai ƙare, ka dawo a gajiye baƙi na sallama.

Motar ka duba ta tun Juma'a, iskar taya da safe ake auna ta kafin tayar ta ɗau zafi don zafi na ƙara awon, har da safaya wadda kowa ke mantawa da ita, sai baƙin mai da ruwan lagireto da birki. Duk awa 2 ku tsaya ku miƙe ƙafa ko na minti 15 ne, ni na taɓa cewa zan jure, wallahi gyangyaɗi ya kusa kai ni rami.

Dinar kuwa mutum 6 zuwa 8 sun isa, in sun fi haka hirar rabuwa take gida biyu. Abin da zai iya kwana a firij ka dafa kafin ku tafi, ka dawo ka ɗumama shi sosai, kuma kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a tebur. Sabon girki kam kar ka gwada ranar don Allah. Kashe babbar fitila ka kunna ƙanana, farantai kala ɗaya, ka kuma tambaye su tun wuri ko akwai abin da wani ba ya ci.