Labarin "ni ne" da ake ƙirƙira ba suna, ƙarya ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta irin gajerun labaran nan na intanet da ba a sa suna, layi-layi, a fara da "ni ne, shekarata kaza", a ƙare da abin kunya ko na dariya. Yawanci ƙirƙira nake, amma in aka matsa nakan ce wallahi ya faru. Wani ya ce duk haramun ne.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗana, wanda ya ce duk haramun ne na san hujjarsa, hadisin Abu Dawud da Tirmizi ne na azaba ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma akwai malaman da suka tafi a kan haka. Amma ni ban ga ya hau kan ƙagaggen labari ba, don ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da babu, to in kai da mai karatu duk kun san salo ne, wa aka yaudara? Hariri, marubucin Larabci wanda ya rasu shekara ta 516 bayan Hijira, Abu Zaid, gwarzon littafinsa na labarai Maƙama, ai ƙirƙirarsa ya yi, ga shi malamai na karantar da littafin har yau. Ɓoye suna kuwa halal ne, ba sai an ja ba.

Inda ka faɗa rami shi ne wallahin nan. Da ka rantse ka fitar da abin daga wasa, ya zama rantsuwa kan ƙarya da gangan, yaminul gamus, babban zunubi, kuma wajen mafi yawan malamai kaffara ba ta wanke ta, sai tuba. Ka daina daga yau, in an tambaye ka ka ce ƙirƙira ce ko ka yi shiru.

Sannan ka ce "yawanci", ke nan wasu da gaske ne. In saɓonka ne da Allah Ya suturta, rashin suna bai sa ya daina zama tallan saɓo ba, in kuma na abokinka ne da za a iya gane shi, giba ce. Kada ka raina tasirin abin ma. Wani dodon labaran intanet, Slender Man, da wasa aka ƙirƙiro shi a 2009, a 2014 'yan mata biyu masu shekara 12 a Wisconsin ta Amurka suka caccaka wa ƙawarsu wuƙa saboda shi. Ba ka san shekarun mai karanta naka ba, kuma ina zargin dare kake rabawa a kai, ka duba Asubarka.

Wallahu a'alam.