Amsar Gwaggo kan zanen kwalliyar matan da

Wa alaikumus salam 'yata. Saƙonki ya iso. Kin ce aikinki na kammala karatun zane a Zariya kan kyan Bahaushiya ne, kina tambayar me kakanninmu ke kira kyau, da kuma ko al'ada ta yarda a zana mace da jigida, kai ba kallabi.

Bari in fara da lalle, don nan masu zane suka fi kwafsawa. Lallen mutanen da ba shi da zanen furanni. Ganye ake busarwa a inuwa, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa da ɗan lemun tsami ya yi kauri, a bar shi ya tsima. Sai a shafe tafin ƙafa har gefe, a naɗe da ganye da tsumma, abin da ya sa ake cewa ƙunshi ke nan. Hannu kuwa cikin zunguru ake zura shi a kwana. Ƙunshin farko ruwan goro yake bayarwa, sai an maimaita sau biyu ko uku yake rinewa ya doshi baƙi. To, kada ki shafa ja iri ɗaya ko'ina. Tafi da kan yatsu sun fi kamawa saboda kaurin fata, bayan hannu bai cika kamawa ba, farce kuma ba ya sakin launi sai ya tofo, shi ya sa za ki ga gindinsa fari, samansa ja. Lallen salatif da baƙin lalle na bayan nan ne, kuma baƙin, sinadarin rinin gashi ne a cikinsa, yana ƙona fatar wasu har ta yi bororo.

A fuska akwai kwalli daga tandu, a cikin ido ake zizara shi, ba a ja masa jela. Yana da ɗan ƙyalli saboda dutsen da ake niƙawa na dalma ne, dalilin da likitoci ke hana sa wa jarirai. Katambiri na ɗige-ɗige ne a goshi da kumatu, kwana kaɗan ya goge. Tsaga fa ba a yi mata karambani. Kalangu, bille, fashin goshi, aikin askar wanzami ne, wata ta ado ce, wata tana faɗin asalin mai ita. In kika ɗora wa Bakatsiniya tsagar Gobirawa, tsofaffi za su gane tun daga bakin ƙofa. Haƙora kuma ja ake so, na goro da furen taba, wushirya a tsakiya.

Jiki, cikakkiya ake yabo, mai ƙirar kalangu, dogon wuya, dara-daran idanu. Rama alamar ciwo ce ko wahalar gidan miji. Kada ki yi wa mutanen da kwaskwarima, su ma suna son farar mace, "fara ko mayya ce" ba yau aka fara faɗa ba. Amma wankan tarwaɗa da baƙa mai sheƙin man kaɗanya ba su rasa masoya. Abin da ya sauya shi ne yanzu fari da ƙiba a kanti ake sayensu, man bilicin da ƙwayar sha-ka-fashe. In za ki zana wannan, ki lura da kyau: gaɓoɓin yatsu da gwiwa da idon sawu suna nan baƙi, kumatu sun yi jajur, jijiyoyi sun fito kore don man ya sirantar da fata. Mai shan ƙwayar kuwa fuska da ciki ke kumbura, ƙafafu su tsaya sirara.

Sai tambayarki ta biyu. Kwalliya iri biyu ce, ta fita da ta ɗaki. Lalle da kwalli da awarwaro kowa na gani. Jigida a jikin ƙaramar yarinya ba komai, amma ta matar aure ƙarƙashin zane take, ta mijinta ce, haka gashinta. Rataye hoton macen da aka sani a haka tonon asiri ne. Ga kuma maganar malamai: sun tsananta kan mutum-mutumi, sun yi saɓani kan zanen takarda, wannan ki tuntuɓi malaminku.

Hakan bai ɗaure miki hannu ba. Marigayi Ojeikere, mai ɗaukar hoto na Legas, tun 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, ya tara kusan dubu, da yawansu ta ƙeya ba fuska. Uche Okeke, cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta makarantarku a 1958, zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango ya kwaso ya zuba a takarda. Ke ma ki zana jigidar a kan faifai kusa da tandu, ko ƙafa cikin ƙunshi, ko shuku da doka ta baya. Wadda za ta zauna miki, ki faɗa mata inda za a rataye hoton da cewa zai iya hawa intanet, ki nemi yardarta da ta gidansu kafin ki ɗauki fensir. In kin zo hutu ki zo da littafin zanenki, ranar Alhamis mai kitso ke shigowa unguwa. Ki gaida ƙawayenki.