Tumbin ɓeran gwaji ya yi kauri bayan an kashe masa ƙwayar gado: sankara ce ko kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu. Muna aiki da ɓerayen gwaji waɗanda ake kashe musu wata ƙwayar gado a tumbi ta hanyar allurar tamoksifen. Rukunin farko mun duba su kwana 5 bayan allurar, muka tarar sel masu fitar da asid sun kusa ƙarewa. Rukuni na biyu mun bar su har wata 8. Bangon tumbinsu ya yi kauri, kuma a madubin likita mun ga wasu 'yan jakunkuna sun nutse ƙarƙashin siririyar tsokar da ke ƙasan fatar tumbin. Ɓerayen da muke kwatantawa da su sayo su muka yi, ba a yi musu allura ba. Za mu iya rubuta cewa rashin wannan ƙwayar gado ne ya jawo sankarar tumbi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ba yanzu ba tukuna. Abin da kuka gani yana iya zama gaskiya, amma yadda aka tsara gwajin bai ba ku damar ɗora wa ƙwayar gadon laifi ba, kuma jakunkunan da kika ambata su ne abin da ya fi yaudarar masu duba tumbin ɓera.

Mu fara da rukunin kwana 5, domin nasu ya fi sauƙin warwarewa. Tamoksifen, maganin da kuke kashe ƙwayar gadon da shi, shi kansa guba ne ga sel masu fitar da asid. Tun 2012 aka nuna cewa allura ɗaya ta miligiram 3 ko fiye a kan kowane giram 20 na nauyin ɓera tana kashe sama da kashi 90 cikin 100 na waɗannan sel cikin kwana 3, ko da ɓeran lafiyayye ne ba a taɓa masa ƙwayar gado ba. Da zarar sun mutu, sel ɗin da ke gindin ƙananan bututun da ke cikin fatar tumbi, masu fitar da fefsinojen (sinadarin narkar da abinci), sai su sauya kama su koma fitar da yauƙi. Bayan kamar mako 3 tumbin yana komawa yadda yake. Ke nan abin da kuka gani a kwana na 5 ya yi daidai da aikin maganin kaɗai. Mafita ita ce a yi wa ɓerayen kwatance allura iri ɗaya, adadi ɗaya, rana ɗaya, a ƙara da rukunin da aka ba man da aka narkar da maganin a ciki kawai. Sannan a rage adadin zuwa mafi ƙanƙanta da zai kashe ƙwayar gadon, a jira mako 3 kafin a fara auna komai.

Sayo ɓerayen kwatance daga waje kuma kuskure ne mai tsada a binciken tumbi. Dole su zama 'yan ciki ɗaya da waɗanda aka sauya, su tashi a keji ɗaya. Ɓeraye suna cin kashin juna, don haka 'yan keji ɗaya ƙwayoyin cikinsu kusan ɗaya ne, na waje kuma daban. Wannan yana da nauyi ƙwarai idan asid ya ragu, saboda tumbin da babu tsami a cikinsa bakteriya na samun wurin zama, su tada kumburi mai ɗorewa, kumburin kuma ya kaurara bango. Dubi ɓerayen INS-GAS, waɗanda aka sa wa ƙwayar gadon ɗan Adam ta gastirin, sinadarin da ke sa tumbi ya fitar da asid: da farko asid ɗinsu yana ƙaruwa, daga wajen wata 5 sel masu asid su fara zubewa, sankara ta bayyana wajen wata 20. In aka harbe su da bakteriyar Helicobacter felis, abin yakan zo kafin wata 8. In kuwa aka rene su ba ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu, cutar takan yi jinkiri sosai. Maza kuma sun fi mata kamuwa. Ƙwayar gado ɗaya ce, amma sakamako ya bambanta da abin da ke cikin keji. Saboda haka ki gwada kashin ɓerayenku da PCR, gwajin da ke gano ƙwayar gadon bakteriya, a nemi dangin Helicobacter, ki kuma raba lissafin maza da na mata.

Ki tabbatar da zuriyarsu ma. 'Yan zuriyar C57BL/6 sukan yi kumburi mai tsanani da zubewar sel masu asid idan Helicobacter ya kama su, BALB/c kuwa nasu ya fi sauƙi. Masu jinin zuriyar 129 sukan nuna wasu jajayen ɗigo masu ƙyalli a cikin sel na saman fatar tumbi, musamman kusa da iyakar da ta raba tumbin biyu, kuma wannan yakan zo ko ba a taɓa musu komai ba.

Yanzu ga batun kaurin. Tumbin ɓera ba kamar na mutum yake ba. Ɓangaren gaba farar fata ce mai kama da ta maƙoshi, babu bututun narkar da abinci a cikinta. Daga nan sai wani tudu siriri da ake gani da ido, sannan jikin tumbi mai sel masu asid, sannan ƙarshen da ke kaiwa ga hanji, inda ake yin gastirin. Kowane yanki da kaurinsa na asali, kuma kowace cuta da inda take so. Ɓerayen da aka kashe wa ƙwayar gado mai suna Tff1, waɗanda aka bayyana a 1996, a ƙarshen tumbi ƙarinsu yake fitowa, kuma kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai nasu ke zama sankara. Ɓerayen gp130 F/F, waɗanda aka sauya wa ƙwayar gadon gp130, su ma a can ƙarshen suke yin ƙari. Na INS-GAS kuwa a jikin tumbi ne. In ba ki faɗi yankin da kika auna ba, kalmar "kauri" ba ta gaya wa mai karatu komai.

Yankan nama ma yana ƙirƙiro kaurin ƙarya. Tumbin da aka jefa cikin fomalin, ruwan adana nama, a dunƙule yakan tattare, wuƙa ta bi ta gicciye, bututu ɗaya ya fito kamar zobba biyar a jere. Ga yadda ya kamata. A cire tumbin nan take bayan mutuwar ɓeran, domin asid yana fara cin fatar cikin 'yan mintuna. A bar masa guntun maƙoshi da guntun farkon hanji don gane gaba da baya. A tsaga shi ta doguwar kwanar waje, a ɗauraye da ruwan gishiri mai sanyi ba tare da gogewa ba, a shimfiɗa shi a kan kwali ko kakin zuma fatar ciki tana kallon sama, a kafe gefunan da ƙananan allurai ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. A nutsar da shi cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10, wanda yawansa ya ninka naman sau 10 zuwa 20, na awa 24, sannan a mayar cikin etanol mai kashi 70. A yanka tsiri 2 ko 3 masu faɗin kamar milimita 2, kowanne ya taso daga tudun iyaka ya kai farkon hanji, ɗaya ya bi ta gajeriyar kwanar ciki. A dasa su a kakin farafin a tsaye bisa gefensu, a yanka kaurin maikuron 4 zuwa 5. Wurin da kika ga bututu a miƙe daga baki har gindi, nan kaɗai za ki auna.

Sai jakunkunan. A ɓera, siririyar tsokar nan ba ta da ƙarfi. Idan fata ta daɗe tana kumbura tana ninkuwa, bututu yakan tura kansa ta inda jijiyar jini ta ratsa tsokar, ya faɗa ƙasa, bakinsa ya toshe, ya cika da yauƙi ya zama jaka. Wannan zurmawa ce, ba mamaya ba. Ki ɗora gilashin da ke ɗauke da yankan naman a madubi ki dubi jaka ɗaya da kyau. In zagayayya ce sumul, sel ɗinta a jere layi ɗaya, ƙwayar tsakiyar kowanne ƙarama tana zaune a gindi, kuma tana sanye da irin lallausan naman da ke kewaye da bututun sama, to zurmawa ce. Ki sa a ƙara yanko gaba, a riƙa ɗaukar yanka ɗaya bayan kowane maikuron 50 ko makamancin haka, sau da yawa za ki ga wuyanta ya haɗe da fatar sama. Sankara kuwa kamanninta daban: bututu masu kusurwa da karkacewa, sel ɗai-ɗai ko 'yan gungu sun ɓalle sun shiga nama, ƙwayoyin tsakiya manya baƙaƙe masu girma dabam-dabam, rabuwar sel a inda bai kamata ba, da tauraren nama mai zare-zare da ya taso kewaye da su. In sun kutsa babbar tsokar bango ko suna cikin jijiya, magana ta ƙare. Rinin saitokeratin, mai nuna sel na fatar ciki, zai fito miki da sel ɗin da suka ɓalle, rinin aktin na tsoka kuma ya nuna ko tsokar yagewa ta yi ko gefe kawai aka tura ta. Ki ɗauko kaluluwar da ke kusa da tumbi da hanta da huhu ki duba, ko da yake yaɗuwa zuwa nesa ba ta cika faruwa a irin waɗannan ɓeraye ba.

Wajen ba da maki, kada a haɗe komai a kalma ɗaya. Tsarin da masanin cututtukan nama Arlin Rogers da abokan aikinsa suka yi amfani da shi tun 2005 yana ba kowane abu maki 0 zuwa 4 daban: kumburi, raunin fata, zubewar sel masu asid, ninkuwar sel, sauyin kama, da lalacewar tsari. A rufe lambar gilasai, mai duba kada ya san na wane rukuni ne. Ki yi hattara da kiran sauyin kama "irin na hanji". Wannan mataki ne sananne a jerin matakan zuwa sankarar tumbi da masani Pelayo Correa ya tsara wa mutum a 1975, amma a ɓera abin da aka fi samu shi ne wanda ake kira SPEM, wato sel na gindin bututu su koma fitar da yauƙi mai ɗauke da furotin TFF2. Rinin Alsiyan bulu da PAS zai nuna miki irin yauƙin, amma shuɗi kaɗai bai isa hujjar cewa sel sun koma na hanji ba.

Da abin da ke hannunku yau, abin da za ku iya rubutawa shi ne ninkuwar fatar tumbi tare da zurmawar bututu zuwa ƙasa a wata 8, a faɗi yankin da adadin ɓerayen. Ku kai gilasan wurin likitan dabbobi masanin cututtukan nama wanda ya saba da ɓera, tare da tubalan farafin ɗin, domin zai buƙaci ƙarin yanka.